Tuƙin Kwalekwale: Darasi Ga Mutanen Tudu

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Daura ne, ko Zango, ko Ɓaure, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ba sai an gaya maka halin ƙasarmu ba. Ƙasa ce ta rairayi da jigawa, ta gero da wake da gyaɗa. Ruwan sama ya kan sauka kamar wata huɗu, ƙoramu su kawo, bayan 'yan kwanaki su janye su bar yashi. Kududdufai su kan riƙe ruwa zuwa kaka, waɗansu su kai hunturu, sa'an nan su ƙafe. Abin da kakanninmu suka sani na ruwa shi ne rijiya. Ko labarin asalin Hausa Bakwai ma a bakin rijiya ya ke, watau Kusugu, inda aka ce Bayajida ya kashe macijiya. Guga da igiya da tulu su ne gadonmu. Filafili kuwa, watau itacen nan mai faɗin baki da a ke tuƙa jirgi da shi, ba gadonmu ba ne.

Amma zamani ya kawo abin da kakanni ba su gani ba. Gwamnati ta datse ƙoramu don a sami ruwan sha da na noman rani. Kusa da Daura akwai madatsar Sabke da ta Daberam, in ka bi hanyar Kano kuma ga ta Kazaure, ga ta Tomas wajen Dambatta. Ruwa ya kwanta rani da damina inda dā gona ce ko burtali. Ƙauyen da a kan je da ƙafa ya koma ƙetare. Mai zuwa kasuwa, ko gona, ko gaisuwar 'yan'uwa, sai ya zaɓa, ko ya yi dogon zagaye, ko ya shiga kwalekwale. Kowa kuwa ya san abin da mai sauri zai zaɓa.

To, ga abin da ya biyo baya. Cikin watan Mayu na 2022, a kwanakin ƙaramar Salla, wani kwalekwale ya kife a ƙasar Mai'aduwa, mutum 15 ko fi suka rasu, yawancinsu yara. Wata biyar kafin wannan, ran 30 ga Nuwamba, 2021, irin haka ta auku a madatsar Watari ta Bagwai cikin ƙasar Kano. Jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya suna kan hanyar zuwa Mauludi, aka rasa mutum 29 a ƙalla. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan gaskiya ne. Amma ba a hana mai tawakkali ɗaure raƙuminsa ba.

Wannan darasi ba zai mai da kai Sarkin Ruwa ba, don tuƙi da hannu a ke koyonsa, ba da takarda ba. Abin da mu ke so shi ne ran da ka tsaya a bakin ruwa, kai da iyalinka, ka dubi jirgi ka san ko na shiga ne ko na bari. Tun da ba mu gāji wannan sani ba, sai mu je mu roƙo shi wurin waɗanda suka gāda.

ƘASAR TABKUNA

Ba su da nisa ƙwarai. In ka tashi daga Daura ka yi gabas, ka ratsa Gumel, za ka isa ƙasar Haɗeja. Dangi ne na tun fil azal, don a can Garun Gabas ta ke, watau Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai.

Kogin Kano da kogin Calawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya yi gabas. Wani kogi kuma, na Jama'are, ya gangaro daga duwatsun Jos ya bi ta ƙasar Katagum. Da su ka kai gabas da Haɗeja sai su ka tarar da ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ga kuma dogayen jigayi jere da juna, tuddan rairayi ne da iska ta tara tun zamanin da hamada ta kawo can. Ruwa ya rasa hanya guda, sai ya rarrabu ya bi tsakanin jigayin. Wani reshe, mai suna Marma, ya yi arewa ya zuba a tabkin Nguru. Wani sunansa Burum Gana. Sauran su ka sake haɗuwa wajen Gashuwa su ka zama kogin Yobe, wanda ke tafiya har Tabkin Cadi.

Da damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, sai ruwa ya cika fadamu, tabki ya miƙa wa tabki hannu. Ka bi 'yar siririyar hanya tsakanin ciyayi, ka faɗa tabki mai faɗi, ka ƙetare shi, ka sake shiga wata 'yar hanya, kamar ƙwayoyin carbi a zare. A wannan lokaci garuruwa da yawa su kan zama tsibirai. Ba jaki, ba amalanke, ba babur, sai kwalekwale. Da shi a ke zuwa gonar shinkafa, da shi a ke duba koma da mali, da shi a ke kai mai naƙuda asibiti. Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani duk suna cin abinci a wurin: masunta su kama tarwaɗa da karfasa da gargaza, ruwa ya janye manoma su bi laima su shuka, makiyaya su biyo da shanu. Da sanyi kuma tsuntsaye su kan zo tun daga Turai su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya. Saboda haka a shekarar 2000 aka sa tabkin Nguru da hanyar Marma, hekta 58,100, cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa. Shi ne na farko a Nijeriya.

Sai dai madatsa ta kan ba wani ta hana wani. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke cika tabkunan nan ta ragu ƙwarai. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi ya wanke hanyoyi, ya kuma ƙafe da rani, sai ya koma zuwa kaɗan kaɗan shekara duka. Wata ciyawa mai suna kacalla, doguwa, mai kai kamar zangarniyar gero, irin wannan zama ta ke so. Ta toshe hanyoyi da yawa, har mutane su kan yi gayya da lauje da adda su buɗe wa jirgi hanya. Wanda ke shan ruwan madatsa ya kamata ya san haka.

JIRGIN DA AKA SAMU A RIJIYA

Tun yaushe mutanen can ke tuƙi? A shekarar 1987 wani Bafillatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta jihar Yobe, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Da ya kai zurfin kamar ƙafa 16 sai ya ci karo da itace baƙi mai tauri. Ashe kwalekwale ne. Masanan Jami'ar Maiduguri da na Jamus su ka tone shi a 1994, su ka auna, tsawonsa mita 8.4, watau ƙafa 27 da rabi, faɗinsa kamar rabin mita. Da su ka gwada shekarun itacen sai su ka ga ya kai shekara 8,000. Ba a sami jirgin da ya fi shi tsufa a Afirka duka ba. Daga baya aka kai shi Damaturu aka ajiye. Dubi ikon Allah, mai neman ruwan guga shi ya tono jirgi.

Jirgin Dufuna sassaƙe ne, daga gungume guda, irin wanda har yau a ke yi. Masassaƙi ya kan nemi babban itace, kamar maɗaci ko kawo ko maje, ya sare da gatari, ya rarake cikinsa da gizago. Irin wannan jirgi yana da nauyi, gindinsa kuwa zagaye ne, shi ya sa ya ke rawa in baƙo ya shiga. Amma ba shi da haɗi, balle ya ɓalle. Yanzu manyan itatuwa sun yi wuya, saboda haka yawancin jiragen da za ka gani a madatsai na katako ne, kafinta ya haɗa da ƙusa, ya cusa tsumma ko auduga a tsagogi, ya shafe da kwalta. Na katako ya fi ɗaukar kaya, gindinsa kuma shimfiɗe ne, in ka shiga sai ka ji kamar a ɗaki ka ke. A nan yaudararsa ta ke. Mai zagayen gindi ya kan karkata ya komo, yana yi maka gargaɗi. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ya kan tsaya daram, ya tsaya daram, har ya kai iyakarsa, sa'an nan ya kife gaba ɗaya, ba sallama. Ga shi kuma ƙusa na tsatsa, rana na tsaga katako, kowace shekara sai an gyara.

Akwai abin da bai kai jirgi ba amma yana aikin jirgi. Masunta a Haɗeja da Argungu su kan kwanta rubda ciki bisa babban gora, suna tuƙi da hannu da ƙafa. Buduma na Tabkin Cadi kuwa da dammunan ciyawa su ke ɗaura nasu.

A WAƊANSU ƘASASHE

Can ƙarshen arewacin duniya, a Girinlan da Kanada, akwai mutanen da a ke kira Inuwit. Ƙasarsu ƙanƙara ce, ba manyan itatuwa. Su kan ƙulla ƙashin jirgi da 'yan itatuwa, su rufe shi duka da fatar wata dabbar teku mai kama da ayu, su bar kafa guda a sama inda mutum ɗaya zai zauna. Sunan wannan jirgi kayak. Filafilinsa baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Kudu da su kuma mutanen daji da ɓawon itace su ke yin nasu, marar nauyi, har in tabki ya ƙare mutum ya ɗora jirginsa a kā ya ratsa tudu zuwa tabki na gaba. A kan iyakar Amurka da Kanada, a jihar Minesota, akwai daji mai tabkuna fiye da 1,000, an hana jirgi mai inji a yawancinsu, mutane su kan yi kwana da kwanaki suna bin su da filafili don nishaɗi kawai.

Wani Bature ɗan Ingila, John MacGregor, shi ya mai da abin wasa a Turai. A 1865 ya sa aka ƙera masa ɗan jirgi irin na kayak, ya bi koguna da tabkunan Turai da shi, mutane su ka yi sha'awa su ka bi sawunsa. A 1936, a birnin Balin, tseren kwalekwale ya shiga wasannin Olamfik sosai. Mu ma muna da namu, don a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, a kan yi tseren jirage. Akwai kuma wani sabon salo da ya fito daga tsibiran Hawai, ya bazu bayan shekarar 2000: mutum ya tsaya bisa faffaɗan allo marar nauyi, ya riƙe dogon filafili yana tuƙi, kamar ɗan'uwan mai gora ne da ya miƙe tsaye.

Abin lura a nan guda ne. Waɗannan masu wasa yawanci mutum ɗaya ko biyu ne a jirgi, sun kuwa iya iyo, duk da haka ƙa'idar wasansu ita ce a sa rigar ceto, mai allo kuma ya ɗaure allonsa a ƙafa da igiya. Mu kuwa mu kan cika jirgi da mata da yara, ba wanda ya iya iyo sai mai fito, ba ko jarka guda a ciki.

ME YA SA JIRGI BA YA NUTSEWA?

Ka sami babban daro, ka cika da ruwa fal, ka aza ƙwarya a kai. Ka riƙa jefa tsakuwa cikin ƙwaryar ɗaya ɗaya. Za ka ga ƙwarya na sauka, ruwan daro na zuba a ƙasa. Da za ka tara ruwan da ya zube ka auna shi a sikeli, sai ka tarar nauyinsa daidai ya ke da nauyin ƙwarya da tsakuwar da ke ciki. Wani masani Bayunane, Arkimidis, shi ya bayyana wannan, yau fiye da shekara 2,200. Ma'anarsa ita ce, jirgi ba ya ɗaukar kaya sai ya ture ruwa mai nauyin kayan. In ka ƙara kaya, dole ya ƙara sauka don ya ƙara ture ruwa. In ya sauka har baki, ba sauran abin turewa, shi ke nan.

Bari mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ce ga kwalekwale mai tsawon ƙafa 24, faɗin tsakiyarsa ƙafa 2 da rabi, tsayin gefensa inci 18. Irin wannan, kowane inci guda da ya sauka ya ture ruwa kamar kilo 100, watau nauyin babban buhun hatsi. Mutum uku manya sun yi kamar buhu biyu. A ce in ba kowa ciki nauyin kansa ya nutsar da inci 4, saura 14. Mutum 12 su ka shiga, ya sauka inci 8, saura 6. Wannan lodi ne na hankali. To, ga waɗansu mutum 6 sun sheƙo da gudu, suna cewa, “Don Allah, mai fito, dare zai yi mana.” Aka ji kunyarsu aka ɗauke su. Jirgi ya ƙara sauka inci 4, saura 2. Inci 2 kuwa faɗin yatsa uku ne. Jirgin bai nutse ba, kowa ya ce ai ga shi ya ɗauka. Amma abin da ke tsakanin mutum 18 da lahira yatsa uku ne. Iska kaɗan ta taso, ko wani ya juya don ya gyara zama, ruwa ya shigo.

Ruwan da ya shigo kuwa ya fi kowane kaya sharri. Buhu inda aka ajiye shi nan ya ke zama. Ruwa in jirgi ya karkata hagu sai ya gudu hagu ya ƙara danne shi. Saboda haka kada jirgi ya tashi sai da ƙwarya ko gwangwani na kwarfe ruwa, a kuma sa mutum guda wanda aikinsa ke nan. In ka zo fito ka tarar ruwa kwance cikin jirgi ya rufe tafin ƙafa, ka tambaya daga ina ya shigo.

Sauran abu guda, tsayin kaya. Tulu mai faɗin gindi ya fi gora mai dogon wuya wuyar turewa, haka jirgi. Nauyi in yana ƙasa jirgi ya kan zauna, in ya yi sama sai ya yi ta layi. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su a gindi, a tsakiya, kada a tula su. Mutane su zauna ƙasa, rabi dama rabi hagu. Mutum guda in ya miƙe tsaye ya isa ya kifar da jirgi. Abin da ya kan faru shi ne, ruwa kaɗan ya fantsamo ta dama, mata su yi salati, kowa ya zabura ya yi hagu, jirgi ya kife ta hagu. Ba ruwan farko ya kifar da shi ba, zaburar ce. In za ka shiga, ka sunkuya, ka dafa gefe biyu, ka taka tsakiya. Tumaki da awaki a ɗaure su. Sā kuwa ba abokin tafiya ba ne a kwalekwale.

TUƘI

Ka riƙe kan filafili da hannu guda, ɗaya hannun kusa da faffaɗan bakin. Ka miƙa gaba, ka tsoma bakin duka cikin ruwa, ka jawo zuwa kwankwaso, ka cire. Da gadon baya a ke ja, ba da damtse kaɗai ba, in ba haka ba tun ba a je ko'ina ba ka gaji. In ka tuƙa ta dama goshin jirgi ya kan juya hagu, in ka tuƙa ta hagu ya juya dama. Shi ya sa sabon shiga ya kan yi ta zagaye wuri ɗaya, yara na dariya a gaɓa. Gwani a baya ya ke zama, a ƙarshen kowane ja sai ya murɗa bakin filafili ya ɗan tura waje, jirgi ya miƙe. In su biyu ne, na gaba ya tuƙa gefe guda na baya ɗaya gefen. Na gaba shi ne ido, na baya shi ne linzami.

Inda ruwa ba zurfi gwangwala ta fi filafili, a kafa ta a ƙasa a tura. Amma laka ta kan kama ta. In ta kafe, ka sake ta. Mutum da yawa sun bi gwangwala cikin ruwa, jirgi ya tafi ya bar su.

A hanyar da ta haɗa tabki da tabki ruwa ya fi gudu, don ruwan tabki guda ne ke matsuwa ta ƙaramar kafa. Mai gangarowa ba ya iya tsayawa, saboda haka mai hawa shi ya kamata ya raɓe ya ba da hanya. In za ka ƙetare ruwa mai gudu, kada ka nufi inda za ka sosai. Ka karkata goshin jirgi wajen da ruwa ke fitowa, gudun ruwa da tuƙinka su haɗu su kai ka. Cikin kacalla kuwa, wadda ta fi mutum tsayi, kowace hanya kamar 'yar'uwarta ta ke, baƙo ba ya shiga sai da ɗan gari.

Buɗaɗɗen tabki da madatsa abin tsoronsu iska ne. Raƙuman ruwa su kan girma gwargwadon nisan da iska ta bi bisa ruwa. Gaɓar da iska ke fitowa ta kan kwanta lumui, ka ce ba kome, sai ka kai tsakiya ka gamu da abin da ba ka zata ba. In raƙumi ya taso, ka tare shi da goshin jirgi, a ɗan karkace, kada ka ba shi haƙarƙari. Gara ka bi gefe gefe ka daɗe da ka yanke ta tsakiya. Kai manomi ne, ka san hadari: daga gabas ya kan haɗo, iska kuma ta kan riga ruwa isowa. In gabas ta yi baƙi ba a tashi, ko da kasuwa za ta watse.

Madatsa tana da nata makirci dabam. Dā gonaki ne da itatuwa, kututture na nan ƙarƙashin ruwa yana jiran gindin jirgi. Tsohuwar ƙoramar ma na nan, mutum na tafiya ruwa iyakar gwiwa, taki guda ya zurma inda ya fi tsayinsa. Kada kuma a kusanci wurin da ruwa ke malala bisa ginin madatsa. Duk waɗannan da rana ma sai an lura, balle da dare. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana fiton dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ceto.

IN JIRGI YA KIFE

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Na farko, kada ka rabu da jirgin. Jirgin itace yawanci ba ya tafiya ƙasa ko ya cika da ruwa, ka kama gefensa ka riƙe, kada ka ce sai ka hau. Gaɓa ta kan yi kusa a ido, ta yi nisa a hannu. Babbar riga in ta jiƙe ta kan naɗe ƙafa da hannu, gara a tuɓe ta a naɗe tun kafin a shiga.

Rigar ceto 'yar shara ce da aka cusa wa abu marar nauyi, in an ɗaure ta sosai ta kan riƙe kan mutum sama ko bai iya iyo ba. Yaro sai da ƙarama daidai jikinsa, in ta yi masa yawa zamewa zai yi ta ƙasa. Inda ba a samu ba, jarka mai lita 25, wofi, a murɗe murfinta tam, ta isa ta riƙe babban mutum. A ɗaura mata igiya ta kamawa, a zuba huɗu ko biyar cikin jirgi, kada a ɗaure su a jikinsa. Ba su kai riga ba, amma sun fi babu nesa.

In kana gaɓa ka ga mutum na nutsewa, ka sani ba ya iya kururuwa, don numfashi ya ke nema. Ka miƙa masa gwangwala, ko ka jefa masa jarka ko igiya. Kada ka faɗa ka rungume shi sai in an koya maka, don mai nutsewa ya kan danne mai cetonsa, a rasa biyu. In an fito da shi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai don a fid da ruwa, ɓata lokaci ne. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki sau 5. Sa'an nan a aza hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a danna da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau ya ke, a kai shi asibiti.

ZANE A JIKIN JIRGI

Ba mu kaɗai kwaɗayin lodi ya dama ba. A Ingila dā masu manyan jiragen teku su kan cika su da kaya fiye da kima, jirage su nutse da ma'aikata. Wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta faɗa har aka yi doka a 1876, cewa kowane jirgi a zana masa alama a gefe, in ruwa ya rufe ta lodi ya wuce. Da fari mai jirgi aka bar wa ya sa alamar inda ya ga dama, ka kuwa san inda zai sa ta. Sai a 1890 hukuma ta karɓi aikin da kanta. Har yau kowane babban jirgin kaya yana ɗauke da wannan zane.

Abin da aka yi wa jirgin teku ana iya yi wa kwalekwalen ƙauyenku, da gwangwanin fenti guda. Ku sami ranar da ba iska, ku kai jirgi inda ruwa iyakar cinya ne, gaban mai gari da liman da mai jirgin. Manya su riƙa shiga ɗaya ɗaya suna zama, wani na tsaye cikin ruwa yana auna abin da ya rage daga fuskar ruwa zuwa bakin jirgi, a inda gefen ya fi gajarta. In saura inci 6, watau kamar tsawon biro, a tsaya. A ja layi da fenti daidai fuskar ruwa, dama da hagu, a ƙirga mutanen da ke ciki har da mai tuƙi. Kai da ka koyi rubutu, kai za ka rubuta adadin a goshin jirgi da manyan lambobi, da boko da ajami, yadda mai tsayuwa a gaɓa zai gani. Babban buhu a lissafa shi mutum ɗaya da rabi, babur mutum biyu. Yaro kuwa a ƙirga shi mutum guda, don abin da ya rage na nauyi ya kan cika shi da motsi. Itace yana shan ruwa, jirgi na ƙara nauyi da tsufa, saboda haka kowace shekara kafin damina ta faɗi a sake awon, a sabunta fentin.